Yadda Ake Sayayyar Kayan Sawa a Istanbul Idan An Je Cikin Ayari

Matasanmu da ke zuwa Turkiyya a ƙungiyance, ko ɗalibai ne masu ziyarar ƙaro ilimi, ko 'yan taro, ko abokai da suka yi karo-karo don hutu, kusan duk halinsu ɗaya: kwanaki kaɗan a Istanbul, doguwar takardar sautu daga gida, da akwati da kamfanin jirgi ya ƙayyade wa nauyi. Na sha jagorantar irin wannan ayari, kuma abin da na gani shi ne yawan nan naku na iya sa ku sayi kaya a farashin 'yan sari, yana kuma iya sa kowa ya dawo da abin da bai yi niyya ba don kawai ya ga abokinsa ya ɗauka. Tsari ne ke raba biyun. Ga yadda ake yi, ko kai ne jagora ko kana cikin mabiya.

Abin da za ka tanada tun daga gida

Na farko, ɗan sikelin rataye mai ƙugiya, irin wanda ake auna akwati da shi. Guda ɗaya ya ishi ayari duka. In ba a samu ba, yawancin otal-otal ɗin unguwar Laleli da Aksaray suna da sikeli a wajen masu karɓar baƙi, domin 'yan kasuwa ne baƙinsu.

Na biyu, tef ɗin tela da takardar awo. Ka je wurin telanka ya auna maka kafaɗa, ƙirji, ƙugu, cinya, tsawon hannu da tsawon wando, ka rubuta da santimita, ba da inci kaɗai ba. Duk wanda ya ba ka sautun tufafi shi ma ya kawo nasa awon a rubuce. “Ai jikinmu ɗaya” ba awo ba ne. Na takalmi kuwa, a taka farar takarda a zagaye ƙafar da biro, a yanke, a rubuta suna a kai. A shago sai ka zura takardar cikin takalmin. In ta lanƙwashe, ya yi kaɗan.

Sai jakar goyo mara nauyi, da 'yar jakar da ake ratayawa a cikin riga don fasfo da kuɗi. Fasfonka ya kasance a jikinka, domin 'yan sanda kan tsayar da baƙi su tambayi takarda, musamman a unguwannin sari, kuma da shi ake cike takardar mayar da haraji. Ka bar kwafinsa a otal, hotonsa a waya.

Takalmin da ka saba da shi, mai taushi. Istanbul gari ne na hawa da gangara, titunan tsohon gari kuma na dutse ne. Sabon takalmi a ranar kasuwa salo ne na neman kanta.

Kan caja mai ƙafa biyu zagayayyu, irin na Turai. Mutanen Nijar sun saba da shi, amma ɗan Najeriya da cajarsa mai ƙafa uku zai kwana waya a mace. Sai alƙalamin maka, salatif mai faɗi, da manyan ledoji don ware kayan kowa.

Kuɗi kuma, ka riƙe dala sababbin bugu, marasa yagewa ko rubutu. In za ka dogara da katin banki, ka je reshenku kafin tafiya ka tambayi ko yana aiki a waje da kuma iyakar abin da za ka iya kashewa.

Mataki na 1: Ku zauna kafin ku tashi

Mako guda kafin tafiya a yi zama, ko da ta WhatsApp ne. Kowa ya duba tikitinsa ya ga nauyin da aka ba shi. A hanyar Najeriya an fi ba da akwati biyu masu kilo 23 kowanne, amma abin da ke rubuce a tikitinka shi ne hujja, ba abin da wani ya ce an ba shi bara ba. Ka tafi da akwati ɗaya a cikin ɗaya, kayan sawarka kaɗan.

A nan ake kashe maganar sautu. Ka'idata ita ce: babu kuɗi, babu sautu, kuma ko da kuɗi, sai da hoto, da awo, da zaɓi na biyu in ba a sami na farkon ba. Ka faɗa wa mai sautu tun a gida cewa kilo ma kuɗi ne. Goggo da ta ce a taho mata da bargo mai laushi da setin tukwane ba ta san ta cinye rabin akwatinka ba, sai ka yi mata bayani cikin ladabi.

Ka raba kuɗinka kashi uku a ambulan daban: naka, na tsaraba, da na ko-ta-kwana wanda ba a taɓawa sai a ranar dawowa. Kuɗin sautu su zauna a nasu ambulan, kowanne da suna. Ayari kuma ya zaɓi ma'aji ɗaya mai haƙuri da lissafi, domin za a zo wurin sayen haɗaka.

Mataki na 2: Dubi watan da za ku je

Shagunan Turkiyya da yanayi suke tafiya. Daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, abin da ke rataye shi ne kwat mai kauri, rigunan ulu da takalma masu dogon wuya. A madubin shago, cikin sanyin Janairu, za su yi maka kyau ƙwarai. A Sakkwato ko Damagaram kuwa sati nawa za ka sa su a shekara? Jaket ɗaya da riga mai hula ɗaya sun ishe ka sanyin hunturunmu, sai fa in a Jos kake zaune.

Lokacin da ya fi dacewa da mu shi ne Yuli zuwa farkon Satumba, sa'ad da suke karya farashin kayan zafi don su share shago. Su zafinsu ya kusa ƙarewa, mu namu yana nan. Kalmar da za ka nema a jikin gilashin shago ita ce “indirim”, wato rangwame. In tafiyarku ta faɗo a lokacin sanyi, ku nufi kantunan da ke sayar da ragowar kayan da lokacinsu ya wuce, kamar Olivium a Zeytinburnu, ko unguwannin sari, inda kayan zafi ke fitowa tun sanyi bai wuce ba.

Mataki na 3: Ranar farko ta kallo ce

Wannan ita ce dokar da matasa suka fi ƙi, kuma ita ta fi ceton aljihu. A ranar farko ba a sayen komai sai abinci da katin mota.

Ku canza kuɗi kaɗan a filin jirgi, daidai na mota da abinci, domin canjin can ba shi da daɗi. Sauran ku canza a cikin gari, a shagunan da aka rubuta “döviz”, kuma na kewayen Babbar Kasuwa, rufaffiyar kasuwar tsohon gari, sun fi kyawun farashi. Takardar lira mafi girma ita ce ta 200, saboda haka dala ɗari ma damin kuɗi za a miƙo maka. Ka ƙirga a gaban tagar kafin ka matsa. Kada ka canza duka rana ɗaya, domin 'yan sari da yawa suna karɓar dala kai tsaye.

Ku sayi Istanbulkart a na'urorin da ke tasha. Da wannan katin ake shiga taram, wato jirgin ƙasa mai bin titin gari, da jirgin ƙarƙashin ƙasa, da bas, da jirgin ruwa. Layin da zai zama hanyarku kullum shi ne taram T1: yana bi ta Eminonu, Sultanahmet, Beyazit inda Babbar Kasuwa take, Laleli, Aksaray, ya wuce Zeytinburnu har yankin Merter. Yana cika maƙil, masu yankan aljihu kuma sun san baƙo, don haka jakar goyo ta dawo gaba. Wajen karanta allon tasha, harafin ş shi ne “sh” namu, ç shi ne “c” namu, c ɗinsu kuma “j” ake karanta shi.

Daga nan ku shiga kantunan da farashinsu ke rubuce, irin su LC Waikiki, DeFacto, Koton, Mavi masu wandon jins, da FLO masu takalma. Kusan kowace babbar unguwa akwai su. Ba saye ya kawo ku ba. Ku gwada kaya ku san lambarku a ɗinkin Turkiyya, ku ɗauki hoton farashin riga mai gajeren hannu, da jins, da kambas, da doguwar riga. Wannan shi ne ma'auninku na sauran kwanaki. Duk wanda ya yi maka tsada fiye da kanti mai na'urar sanyaya ɗaki da rasit, ka san inda ya dosa.

Ɗinkinsu na maza tsukakke ne. Mai sa L a gida sau da yawa sai XL. Na mata da lamba suke tafiya, 36, 38, 40, kuma 38 ɗinsu ita ce kusan 10 ta Ingila. Masu jiki su nemi “büyük beden”.

Mataki na 4: Ku rabu ƙanana, ku sa wurin haɗuwa

Mutum goma sha biyar ba sa shiga shago ɗaya. Mai shago zai rikice, farashi zai hau, rabinku kuma za su tsaya a titi suna hamma. Ku rabu uku-uku ko huɗu-huɗu bisa abin da kowa ke nema: masu takalma, masu jins da riguna, masu abaya da gyale. Ba a barin kowa shi kaɗai, ƙananan yara kuma kowanne a ɗaura shi a wuyan wani babba da sunansa.

Wurin haɗuwa ya zama masallaci, lokaci kuma ya zama na salla, domin ba mai cewa ya manta. A Babbar Kasuwa akwai masallacin Nuruosmaniye a bakin ƙofa ta 1, da na Beyazit a ɓangaren ƙofa ta 7. A Eminonu akwai Yeni Jami dab da kasuwar kayan ƙamshi, a Laleli kuma akwai masallacin Laleli a kan titin taram. Duk suna da wurin alwala da ɓangaren mata. Kowa ya riƙe katin otal a aljihu. Wanda ya ɓata ya koma wurin haɗuwa ya zauna, kada ya yi ta yawon neman mutane. Lambar gaggawa a ƙasar 112 ce.

Mataki na 5: San inda ake sayar da me

Babbar Kasuwa, wadda suke kira Kapalıçarşı, tun zamanin Sarki Muhammadu Alfatih aka kafa ta, bayan cin birnin a 1453. Rufaffiya ce, titunanta sun kai 60, shaguna dubbai. Ku je ku gani, ku yi hoto, ku bi titin maƙeran zinariya da ya haɗa ƙofar Nuruosmaniye da ta Beyazit. Amma ba nan ne wurin sayen kayan sawar matashi ba. Farashin 'yan yawon buɗe ido ne. Tana rufe ranar Lahadi da ranakun Salla.

In ka fito ta bayanta ka gangara zuwa Eminonu, ka shiga Mahmutpasha. Nan talakan gari ke sayayya: gyale, kayan ciki, safa, kayan yara, dogayen riguna, kayan lefe irin nasu. Gedikpasha, ƙasa da Beyazit, unguwar takalma ce. Zeytinburnu ta yi suna a kayan fata. 'Yan mata masu neman suturar mutunci ta zamani, dogayen riguna masu faɗi da kwat mai sauka har ƙasa da gyale kala-kala, su nufi titin Fevzipasha a Fatih. Kalmar ita ce “tesettür”. In Laraba ta same ku a gari, kasuwar mako ta Fatih tana ci, ta Kadikoy kuma a tsallaken ruwa ranar Talata.

Samari masu son yayi, faffaɗan wando, riga mai hula, rigunan da aka yi wa rubutu, su bi titin Istiklal daga dandalin Taksim, su leƙa lungunan kasuwa irin su Terkos Pasaji, inda ake zuba rarar kayan da masana'antu suka ɗinka don fitarwa waje. Sai an tona, kuma sau da yawa ba ɗakin gwaji, to nan tef ɗinka zai yi aiki.

Unguwannin sari uku ne: Laleli, Merter da Osmanbey. Osmanbey tana kan layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na M2, tasha ɗaya daga Taksim, ta fi ƙarfi a kayan mata da yadi masu tsada. Merter ta fi yawan kayan matasa na yau da kullum. Ranar Lahadi yawancinsu a rufe suke, sai ku bar wa ranar manyan kantuna irin su Cevahir a Shishli, waɗanda ke buɗe har ƙarfe goma na dare.

Mataki na 6: Sayen haɗaka a wurin 'yan sari

Nan ne amfanin tafiya cikin ayari yake. A ƙofar shagunan sari za ka ga “toptan”, wato sari. “Perakende” shi ne sayar da ɗai-ɗai. Ɗan sari ba ya sayar da riga guda. Yana sayar da abin da suke kira “seri”: samfuri ɗaya, launi ɗaya, a ɗaure cikin leda, lamba daban-daban, misali S, M, L, XL, wani lokaci guda biyar ko shida. Mutum ɗaya ba abin da zai yi da wannan ƙunshi. Mutum huɗu masu jiki daban-daban kuwa, kowa ya sami tasa a farashin sari.

Ga yadda ake shirya shi. Tun a otal ma'aji ya rubuta sunan kowa da lambarsa a takarda ɗaya: riga, wando, takalmi. A haɗa rukuni ta yadda lambobi ba za su ci karo ba; in ku huɗu duk M kuke sawa, seri ba zai yi muku rana ba, sai dai in ragowar za su tafi tsarabar ƙanne. A shago mutum ɗaya ne ke magana. Ya nuna samfurin da ke rataye, ya tambayi guda nawa ne a seri, waɗanne lambobi, nawa ne kuɗin guda. A ninka, a ga jimla, kowa ya amsa da bakinsa cewa ya ɗauki lamba kaza, sannan a biya. Kafin a fita a buɗe leda a ƙirga, a duba lambar kowace riga, domin ana samun ƙunshi mai M biyu babu L.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a saya tukuna, a zo rabo daga baya. Da dare sai ka tarar an baje kaya a kan gado, kowa na jan baƙar, ba mai son ruwan ƙasar, XL kuma tana gefe ba mai ita, ma'aji na ta danna waya yana neman wanda zai biya kuɗinta. Abota ta sha ɓaci a kan abin da bai kai kuɗin abincin rana ba. Duk guda da ba ta da mai ita tun a shago, a amince kuɗinta na kan kowa, a kuma ba da ita tsaraba da sunan ayari.

Sai kuma maganar anko. In ku shida unguwarku ɗaya ko ajinku ɗaya, kuka sayi seri biyar tare, to kun dawo gida da kayan makaranta. Ku yi haɗaka a kan abin da kamanni ba ya ɓata shi: farar riga da baƙa marasa rubutu, jins, singileti, safa, gyale mara ado. Kayan fita kunya kuwa kowa ya zaɓi nasa shi kaɗai.

In ayarinku ƙarami ne, ku tambayi mai shago ko yana da ragowar seri da aka fasa. Sukan sayar da su ɗai-ɗai da ɗan ƙari. A Laleli za ku haɗu da 'yan Afirka, har da masu jin Hausa, da ke raka baƙi shago-shago. Suna da amfani, sun san lungu, suna jin yaren. Amma ka sani mafi yawansu suna da la'ada a wurin mai shago, kuma a cikin kuɗinka take. Ku yi maganar ladansa a fili tun farko, kuma kada ku fasa leƙa shagon da bai kai ku ba.

Mataki na 7: Duba kaya kafin ka biya

Fara da 'yar takardar da ke cikin riga ta gefe. “Pamuk” auduga ce, “keten” lilin, “viskon” yadi ne mai sanyi da zubi, “yün” ulu. In ka ga “polyester” ya fi rabi, ka tuna watan Afrilu a Kano, ka ajiye. Ga jaka da takalmi da bel, “hakiki deri” fata ce ta gaske, “suni deri” ta roba. Ta roba tana da kyau a ido, amma zafinmu na sa ta saɓule tana zuba kamar garin tuwo, ko ba a sa ta ba.

Juya rigar ciki waje. Kama ɗinkin hammata da hannu biyu ka ɗan ja. In ka hango haske ta tsakanin zaren, ba za ta yi ƙarko ba. Ja wuyan riga ka saki, ka ga ko ya koma yadda yake. Rubutun da aka manna a gaba, ka lanƙwasa shi. Mai tsagewa a shago ba zai kai wanki uku ba. Wandon jins kuma, ka ja zif sama da ƙasa sau da yawa, ka duba ɗinkin tsakanin cinya, sannan ka goga farin hankici mai ɗan danshi a jikinsa. In ya yi shuɗi sosai, zai rina maka fararen kaya da kujerar mutane. In akwai ɗakin gwaji, kada ka tsaya a tsaye kawai: tsuguna, ka zauna irin zaman tahiya. Wandon da ba za ka iya salla da shi ba, ko rigar da ke ɗagewa in ka yi ruku'u, ado ne na rataye.

'Yan mata su ɗaga yadi su kalli fitila ta cikinsa. Hasken shago na ɓoye shara-shara, ranar gida kuwa ba ta ɓoye komai. A duba tsawo da takalmin da za a sa, a ɗaga hannu sama a ga inda hannun riga ya tsaya. Gyale mai santsi sai da fil ko hular ciki, a saye su tare.

Kambas da jakunkuna masu tambarin manyan kamfanonin duniya da za ku gani jibge a kewayen Babbar Kasuwa, a farashin da bai kai rabin na kanti ba, jabu ne, ko mai shago ya rantse. Ni dai shawarata, kayan Turkiyya masu sunan kansu sun fi su ƙarko, kuma ba ruwanka da fargabar kwastan in za ku ratsa wata ƙasa.

Tambaya ta ƙarshe kafin ka miƙa kuɗi: akwai wannan a Kantin Kwari ko Sabon Gari, kuma nawa? 'Yan kasuwarmu daga nan suke saro da yawa. In bambancin kaɗan ne, bar shi, kilonka ya fi shi daraja.

Mataki na 8: Ciniki

A kanti mai farashi a rubuce ba a tayi. A wurin 'yan sari ragin kaɗan ne, kuma yawan abin da ka ɗauka ne ke jawo shi. Ciniki na sosai a Babbar Kasuwa yake da shagunan 'yan yawon buɗe ido, a can kana iya farawa daga rabi.

Bahaushe ba a koya masa ciniki, sai dai ayari na ɓata shi. Kana cikin tayi sai wata ta ce “wayyo, ya yi kyau, don Allah ki saya”, mai shago kuwa ko ba ya jin Hausa yana jin fuska. Ku yi shiru, mai magana ɗaya ne. “Ne kadar?” shi ne nawa, “çok pahalı” ya yi tsada. Sauran a kan kalkuleta ake yi: ya danna ya miƙo, ka goge ka danna naka. Ka tabbatar da kuɗin da ake nufi, lira ko dala, kafin a yi nisa. Za a kawo muku shayi a 'yan ƙananan kofunan gilashi masu siririn ƙugu. Ku sha, al'adarsu ce, bai zama dole ku saya ba. Amma in ka yi tayi aka sallama, ka saya, kamar dai a gida.

In da kati za ka biya, na'ura ta tambaye ka, zaɓi lira. Karɓi rasit ko'ina. Manyan kantuna na karɓar canji in takardar jikin kaya na nan da rasit. A kasuwa kuwa in ka fita, ka fita.

Mataki na 9: Awo da lissafi kowane dare

Kafin a kwanta, kowa ya zuba abin da ya saya a akwati ya rataya a sikeli. A yar da kwalayen takalma, a cusa safa a cikin takalman, a naɗe riguna maimakon ninkewa. Kayan sautu a sa a leda, a rubuta suna da abin da aka kashe da canjin da ya rage. Ma'aji ya rufe lissafin ranar, kowa ya biya bashinsa a daren. Ka bar kilo biyu a kowane akwati, domin sikelin filin jirgi ba ya kunyar kowa, kuma alewar lokum da za ka saya a ranar ƙarshe tana da nauyi.

Mataki na 10: In kaya sun fi ƙarfin akwati

Fara da cikin gida: wani a ayari bai cika nasa ba, a roƙe shi. Sharaɗi ɗaya, duk abin da zai shiga akwatin mutum ya gan shi a buɗe, ya sa da hannunsa. Na wanda ba ɗan ayari ba kuwa, ko Bahaushe ne ɗan garinku da ya tare ku a otal ko filin jirgi da ƙulli “a miƙa wa mama”, ba a karɓa. A ba shi haƙuri kawai.

In hakan bai isa ba, ƙarin kilo ya fi araha in an saya ta intanet kafin ranar tafiya. In kayan da yawa ne, akwai kamfanonin dakon kaya, “kargo”, birjik a Laleli da Aksaray, masu kaiwa ƙasashen Afirka bisa kilo. Ku haɗa kayanku wuri ɗaya, ku tambayi 'yan kasuwar da suka saba wane ne amintacce. A tambaya ko kuɗin ya haɗa da na kwastan, a wane gari za a karɓa, kwana nawa. A ɗauki hoton kayan da na buhun bayan an rubuta suna da lambar waya, a riƙe rasit. Kayan da za a sa a biki mako mai zuwa ba sa bin kargo.

Mataki na 11: Ranar dawowa

Farashin kanti na ɗauke da harajin da suke kira KDV, wanda a kan tufafi kashi 10 ne cikin ɗari tun 2023. Baƙo na iya karɓar wani ɓangare nasa in ya saya a kantin da ke da alamar “Tax Free” kuma ya nemi takardar a lokacin biya, da fasfonsa. A filin jirgi sai jami'in kwastan ya buga hatimi, kuma yana iya cewa a nuna kayan, don haka a tara su a saman akwati ɗaya, a je wurinsa kafin akwatin ya wuce. Kamfanin da ke biya yana cire nasa. In abin da ka saya kaɗan ne, layin bai cancanci wahalar ba; in mutum biyu ko uku ne suka yi sayayya mai nauyi, su riga ayari isa.

Ku bar otal da wuri, domin filin jirgin Istanbul na da nisa da tsohon gari, cikinsa ma tafiya ce. Turare da man shafawa da suka wuce mililita 100 su shiga babban akwati, a naɗe cikin riga a sa a leda. Batirin cajin waya kuwa a jakar hannu yake tafiya. Kada kowa ya ɗauko tsohon tsabar kuɗi ko dutse daga wurin tarihi; dokar Turkiyya a kan kayan tarihi mai tsanani ce, ana tsare mutane a kanta.

A gida, jami'in kwastan na bambanta kayan sawa da kayan sayarwa ta yawansu da kamanninsu. Riga iri ɗaya guda goma sha biyu cikin ledarta haja ce, ko da ka ce tsaraba ce. Shi ya sa ake raba seri tun a otal, kowa ya ɗauki nasa a akwatinsa. Wanda kuma da gaske sari ya yi, ya ware kuɗin fito daga ambulan na ko-ta-kwana, rasit ɗinsa a jakar hannu inda zai iya zaro shi ba sai an zazzage akwati ba.